Gonar Gindin Ɗorawa

Mijina ya rasu a shekarar da sanƙarau ya shiga ƙauyenmu, a gefen Kiru, tun kafin a fara maganar mulkin kai. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da gonar gindin ɗorawa, wadda ya sare dajinta da hannunsa. Na ce ya bar mini, amma a gaskiya ba tasa ba ce. Ƙasar ta gandun mahaifinsa ce, kuma tsohon yana nan da ransa.

Matar liman ce ta buɗe mini ido, wata rana muna sussuka. Ta ce tunda mijina ya riga ubansa tafiya, 'ya'yana ba su da gadon kakansu, yayyen mijina biyu sun tare su. Hanya ɗaya ce: tsohon ya yi musu wasiyya da bakinsa, yana cikin hankalinsa, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya mallaka, kuma a gaban maza biyu adilai. Na ajiye taɓarya.

To, wace suruka ce za ta dubi uban mijinta ta ce, Baba, shirya wa mutuwarka? Ni da ko sunansa ban taɓa faɗa ba, in na kai masa fura daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Sai na bi ta hannun ƙanwarsa, Gwaggo. Ta dawo ta ce ya ce a bari sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce bayan azumi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, yana son jikokinsa. Kawai dai ya tsani a kira liman da takarda, gani yake kamar an kawo masa likkafani. Shekara uku muna wannan sintiri, ni da Gwaggo, har ta fara kauce mini in ta hango ni a bakin rijiya. Na gaji. Na gaji da noman gonar da ban san ta wa za ta zama ba, na gaji da ƙirga tarin tsoho ta bayan danga.

Ranar wata Laraba da hantsi na kai masa kunu, yana kwance kwana biyar ke nan. Na ajiye zan juya, sai ya ce, "'Yar nan, tsaya."

Na durƙusa.

"Gonar gindin ɗorawa ta yaranki ce. Ubansu ya sha wahalarta. Kin ji?"

Muryarsa tangaram, hankalinsa ɗaya. A zaure kuma ina jin liman da wani maƙwabcinmu suna hira, sun zo dubiya. Taku ashirin ne tsakaninmu, na sha ƙirga shi daga baya. Amma sai na ga kaina ina rugawa zaure, mayafi a hannu, ina kiran maza su zo su ji abin da aka ba ni, a kan gadon mara lafiya. Me gari zai ce? Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara sauƙi." Na ɗauki ƙwarya na fita, da niyyar gobe Gwaggo ta tara su.

Da la'asar bakinsa ya karkace. Bai sake magana ba har ranar Asabar da aka kai shi.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabo. Aka aiko a tambaye ni ta bayan asabari, don Gwaggo ta faɗi abin da na gaya mata. Liman bai yi mini tsawa ba, a hankali ya yi magana.

"Ban ƙaryata ki ba, baiwar Allah. Amma wa ya ji?"

Na ce, "Ni kaɗai, Malam."

Sai ya ce, "Ai ina zaure ranar."

Na ce, "Na sani, Malam. Ina jin muryarka."