Fasassun Tukwanen Malam Ilu

Tukunya arba'in da ɗaya Malam Ilu ya jera a tsakar gidansa na Unguwar Ya, kuma babu lafiyayya ko ɗaya. Tsagaggiyar randa, tsohuwar buta, kaskon tuya, har da tankin babur da aka yanke. Amma kowacce kore shar: na'a-na'a, attaruhu, tumatir, ga rumman a cikin randa yana 'ya'ya kamar a lambu. Ni kuwa taubashinsa, mai sayar da taki da iri a kasuwar Gwaram shekara da shekaru, ko albasa ta ƙi tsira a gidana. Abin ya tsaya mini a rai, ba na ɓoyewa.

Kun san halinsa, ba a zubar da ruwan alwala a banza a gidansa. Da baƙo ya ɗauki buta zai taso:

"Tsaya, Malam! Hannu a kan attaruhu, ƙafa a gindin rumman. Na'a-na'a ta riga ta sha da azahar."

Liman kansa bai tsira ba. Yana cikin wanke fuska ya ji an ce, "Allah gafarta Malam, ɗan matsa hagu, ƙasa kake shayarwa da ruwana."

Ran kasuwar Birnin Kudu kuwa layin masu tukwane yake tarewa. Wata rana randar wata baiwar Allah ta suɓuce wajen saukewa daga mota, ta tsage. Kafin ta gama salati ya iso.

"Sannu, Hajiya, Allah ya mayar da alheri."

Ta ce, "Malam, jaje ka zo ko ɗauka?"

Ya ce, "Duka biyun, amma na fi sauri a na biyu."

Da abin ya ishe ni, na sa magini ya zuba mini tukwanen siminti goma sha biyu, aka yi musu fenti. Da aka kawo sai na ga huji a gindin kowacce. Ni da ban taɓa karɓar buhu mai yoyo ba! Na ce a toshe su tas. Na ɗura taki gwangwani-gwangwani, na dasa tumatir, safe da yamma ruwa. Mako biyu ganye ya yi rawaya, tsakar gida na wari kamar kwata. Sai ga Ilu. Ya cusa yatsa a tukunya, ya zaro, ya sansana.

"Alhajin taki, kiwon tarwaɗa ka fara?"

"Bar wasa, Ilu. Mene ne sirrin?"

"Ina hujin?"

"Na sa an toshe. Aikin algus ba na karɓa."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin la'asar labari ya kai har garin Maruta.

Shekara bakwai ina roƙonsa reshe ɗaya na rumman ɗin nan. Kullum amsa ɗaya: "Wanda ya nutsar da tumatir ba a ba shi amanar rumman."

Da ciwo ya kwantar da shi bara, ya aika na zo. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Ɗauki randar gaba ɗaya. Kashin awaki za ka ba shi, ba kayan shagonka ba. In ka liƙe tsagar nan ban yafe ba."

A amalanke na kai ta gida, ina biye a ƙasa kamar mai rakiya. Ciwon nan shi ne ajalin Ilu. Bana rumman ɗin ya yi 'ya'ya tara. Na zuba a faifai na kai majalisa, na gyara zama ina jiran a yaba mini. Kowa ya ɓare sai ya ce, "Allah sarki, rumman ɗin Malam Ilu! Hannu mai albarka."

Ga lissafina: tukwane sha biyu na kashe, rumman tara na samu, yabo ko ɗaya. Mutum yana kabari, har yanzu yana gabana. Na haƙura, Ilu, ka ci.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka lambun da ba ya bushewa. Amin.