Aondona da Injin Gidan Rami

Aondona ɗan ƙabilar Tibi ne, ya zo Gidan Rami ta ƙasar Zurmi yana saurayi, lokacin ana haƙar zinariya a wurin. Da zinariya ta ƙare kamfani ya tashi, leburori suka watse, shi kuwa ya zauna ya kama noma. Tsohon injin niƙa dutse kaɗai aka bari. Aondona ya yi masa rumfa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya faɗa masa sunayen waɗanda rami ya rufta da su.

Wata rana da hantsi, maza na gona, masu sayen tsohon ƙarfe suka iso da babbar mota.

"Baba, kauce, wanga ƙarhen banza na," in ji babbansu.

Aondona ya ce, "Sai dai ku haɗa da ni."

Suka kuwa haɗa da shi. Ɗaya ya sauke masa guduma a kafaɗa, wani ya kai masa sara da adda, ya tare da hannu, ƙashi ya rabu. Jini na tsartuwa, ya rungume injin da ɗaya hannun yana kururuwa. Mata masu sussuka suka fito da taɓare, suka fasa kan direban, sauran suka ranta a na kare.

A asibitin Ƙaura Namoda aka yanke hannun. Kafin ya dawo, mutanen gari sun zagaye injin da katanga, suka damƙa masa makulli. Da ya rasu, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, a jikin katangar suka binne shi.