Numfashin da ke Ɗakin Injin Jirgi

Shekarar da Yayana ya karye a ƙafa, ni ce na fi kowa zirga-zirga a gidanmu na Gwarzo. Babur ne ya zame da shi a hanyar Lakwaya bayan an yi ruwa, maɗori ya ɗaure ƙafar ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai bayan wata biyu. Shi kuwa dillalin hatsi ne, kullum yana wata kasuwar, bai saba da zama ba. Sati bai cika ba ya fara faɗa da kowa, har da kajin Inna.

A lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kabo. In na taso bayan azahar sai in biya in duba shi kafin in wuce gidana. Wata rana na tarar da shi yana juya wani tsohon faifai a hannu.

"Auta, wannan zai hau kwamfutarki?"

Tun kafin in karɓa na gane hoton. Gem ne, wato wasan bidiyo, na ban tsoro da suke bugawa shi da wani abokinsa muna yara, a irin injin nan da ake jonawa da talabijin. Labarin wani bakanike ne da aka tura cikin ƙaton jirgin ruwa da ya tsaya a tsakiyar teku ba kowa a ciki, yana sauka hawa-hawa da fitila a hannu. Ni ba a ba ni in buga, sai dai in raɓe a bakin ƙofa ina leƙe, in wani abu ya faso in rufe fuska da mayafi. Injin ya daɗe da barin gidanmu. Wannan faifan na kwamfuta ne, wanda aka fitar daga baya, Yaya ya saya a Kano ya ajiye bai taɓa gwada shi ba.

Ya hau, amma hawan ba daɗin gani. Hoton ya baje, bakaniken ya zama gajere mai faɗi kamar randa. Gudunsa kuma ya wuce hankali, kana taɓa madanni ya kai bango. Sauti yana zuwa yana ɗaukewa. In aka isa ƙofar ɗakin inji, a hawa na uku, sai allon ya yi baƙi, gem ɗin ya rufe kansa.

Yaya ya ture kwamfutar. "Sun cuce ni. Ba haka yake ba."

Na ce ya ba ni kwana kaɗan. Hoton da gudun ban sha wahalarsu ba. Akwai wani ɗan fayil da ake rubuta faɗin allo da tsawonsa, na gyara lambobin, na kuma taƙaita yawan hotunan da yake fitarwa a daƙiƙa, bakaniken ya koma tafiya irin ta mutane. Sautin da ƙofar ne suka gagare ni. Kwana tara ina fama, ina karanta abin da wasu suka rubuta a wani dandalin intanet na masu son tsofaffin gem. Da na gaji sai na rubuta matsalata a can, na liƙa saƙon kuskuren da yake fitowa in gem ɗin ya rufe.

Washegari wani ya amsa. Ba shi da suna, sai hoton kyanwa mai ido ɗaya. Turancinsa ma da gani ba harshensa ba ne. Ya ce ya san ciwon, shekara da shekaru yana gyaran wannan gem ɗin, ga fayil uku in zuba a wuri kaza. Sai ya ƙara da cewa faifan da ke hannuna irin wanda ya daɗe yana nema ne, ko zan sa wata manhaja da za ta ba shi dama ya shiga kwamfutata daga inda yake ya duba.

A nan na dakata. Ni ce nake tsayawa gaban ɗalibai ina gaya musu kada su buɗe abin da baƙo ya turo, kada su bar kowa ya shiga na'urarsu. A kwamfutar nan akwai sakamakon jarrabawar aji uku da hotunan iyalina. Na tambaye shi yaya aka yi ya san irin faifaina. Ya ce daga saƙon kuskuren da na liƙa. Na koma na duba, lallai akwai wata lamba a ciki. Amsar ta yi daidai, kuma daidan da ta yi ne ya ƙara damuna, don na san masu damfara ba sa rasa amsa.

Manhajar dai na ce ba zan sa ba. Fayilolin kuma ban zuba su a kwamfutar aikina ba. Ina da wata tsohuwa ta tebur a gida, wadda ba ta taɓa ganin intanet ba. Na share mata ƙura, na bincike fayilolin da abin kama bairos, cutar kwamfuta, har iri biyu, ba su ga komai ba. Na zuba, na zauna ina kallon ko za ta fara wani abu da ban sa ta ba. Ba ta yi ba. Sauti ya daidaita. Na kai bakaniken bakin ƙofar ɗakin inji, na danna, ƙofar ta buɗe.

Ranar Juma'a da la'asar aka ɗauko tsohuwar kwamfutar a baro aka kai ɗakin Yaya. Na ba shi iyafis ya sa a kunne don kada ihun ya dami Inna. Ya yi ta bugawa yana murmushi, yana faɗin abin da ke bayan kowace kwana kafin ya isa. Da ya shiga ɗakin inji sai na ga ya tsaya. Ya zare iyafis ɗin ya dube ni.

"Wa ya sa wannan?"

"Me?"

"Saurara."

Na sa a kunne. Ƙarƙashin ƙugin injin akwai numfashi, a hankali, mai nauyi, ta bayan kunnen hagu. In bakaniken ya tsaya sai ya tsaya, in ya motsa ya biyo shi.

"Babu wannan a da," in ji Yaya. "Na gama gem ɗin nan ya fi sau goma. Mutumin naki ya cusa abinsa."

Na koma gida da wannan magana a kaina. In har zai iya cusa numfashi bai faɗa ba, me kuma ya cusa? A ranar na sake duk lambobin sirrina, har na wayar maigidana. Wayata ta ɗan yi zafi a caji, na ce shi ne. Filas ɗin da na kwaso fayilolin da shi na naɗe a takarda na jefa a gwangwani. Ana haka sai ga saƙonsa: ya yi aiki? Kin sake tunani a kan manhajar? Ban amsa ba.

Hanya ɗaya ce ta rage, a ji na asalin. Yaya ya ce tsohon injin yana wajen abokin nasa, wanda yanzu shi ne shugaban wata Islamiyya a Garo. Ya kira shi sau biyu, da ya ambaci gem sai layin ya katse. Ranar Asabar da hantsi na shiga mota zuwa Kabo, daga can na sami wata zuwa Garo. Gero ya yi kai, hanya duk taɓo.

Wajen matarsa na sauka. Sai da muka sha fura sannan Malam ya shigo, ya zauna a kan buzu daga gefe. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi mai jiki da ƙafa, ya tambayi maigida da yara da makaranta da damina. Da gaisuwa ta ƙare na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ja carbinsa. "Wa ya ce miki yana wurina?"

"Yaya ne, Malam."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba wani ne ya turo ki ba? Don akwai masu neman abin da za su faɗa a kaina a garin nan." Ya kalli wayar da ke hannuna. "Wannan a kashe take?"

Na juya ta na nuna masa, na ajiye a kan tabarma. Raina ya ɗan ɓaci, mutumin da ya sha tuwo a kwano ɗaya da Yayana yana yi mini irin wannan kallo. Daga baya na tuna ni ma kwana uku ke nan ina yi wa wani haka.

Matarsa ce ta raba mu. Ta ce, "Malam, yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ni nake share shi. Ka ɗauko mata, daga Gwarzo ta taso."

Ya tashi ya sa sakata a ƙofar zaure tukuna. Ya jawo akwatin, ya fito da injin a naɗe cikin tsohon rawani, ya jona da talabijin da batirin sola. Da farko ya ce ya manta yadda ake yi, amma da ya riƙe abin bugawar yatsunsa ba su tambaye shi ba. Bai kai rabin awa ba ya sauka hawa na uku. Matarsa ta koma bayana ta zauna.

Ya buɗe ƙofar ɗakin inji. Ƙugin ya tashi, a ƙarƙashinsa kuma ga numfashin nan, ta gefen hagu, daidai yadda na ji shi a Gwarzo.

Na ce, "Yaya ya rantse babu shi a da."

Malam ya yi 'yar dariya, ta farko tun zuwana. "Talabijin ɗinku sifikar hagu a mace take. Tun muna yara nake gaya masa. Ni a gidanmu na fara jin sa, sai da na yar da abin bugawar na fita tsakar gida."

Kunya ta kama ni, na ji na zalunci mai kyanwa. Amma ina kallon allon sai wani abu ya tsaya mini. Ɗakin ya yi duhu ƙwarai. Fitilar bakaniken ba ta haska abin da ya wuce taku biyu, bayan nan baƙi ƙirin. A nawa kuwa, tun daga bakin ƙofa ana hango ƙarshen ɗakin, har da abin da ke tsaye a can. Na kunna waya da izininsa na nuna masa hoton da na ɗauka a gida.

Ya daɗe yana dubawa. "An taɓa wannan. Duk tsoron ɗakin nan a rashin gani yake. Wanda ya yi haka ba gyara ya yi ba, ra'ayinsa ya sa."

Na roƙe shi in ɗauki bidiyon allon. Ya yarda da sharaɗin kada hannunsa ko muryarsa su fito. Da na gama ya karɓi wayar ya kalla daga farko har ƙarshe, sau biyu, sannan ya miƙo mini. Da zan tafi matarsa ta ƙulla mini ɗanyar gyaɗa, shi kuma ya ce in gaya wa Yaya zai zo dubiya, amma kada a ɗauko wannan zance a gaban mutane.

Na tura wa mai kyanwa bidiyon, na tambaye shi dalilin da fitilarsa ta fi ta asali haske, kuma me ya sa bai faɗa ba. Kwana biyu shiru. A na uku ya amsa. Ya ce gaskiya ne, shi ya ƙara hasken, don idanunsa sun yi rauni ba ya iya bugawa a duhu, ya daɗe da yin haka har ya manta ba haka yake ba. Ya nuna mini layin da zan sauya. Na sauya, duhun ya dawo kamar na Garo. Na tambaye shi ko akwai wani abin kuma da ya manta. Ya ce a iya saninsa babu.

Wannan "a iya sanina" ba ta kwantar mini da hankali ba. Na ɗauki fayilolinsa na bi su layi-layi iya inda ilimina ya kai, na tarar da wata lamba ɗaya da ta bambanta da ta faifai, ta nauyin bugun da abin cikin jirgin yake yi wa bakanike, an rage ta kaɗan. Ban sake tambayarsa ba, na mayar da ita yadda take a faifai. Manhajarsa ban taɓa sawa ba. Abin da na yi masa shi ne na rubuta sunayen fayilolin faifan da girman kowanne na tura. Ya yi godiya mai tsawo, ya ce na cike masa giɓin da ya daɗe yana nema. Bayan wata ɗaya na ga ya fitar da sabon gyara a dandalin, ya rubuta a sarari cewa hasken fitila zaɓi ne, mai so ya kunna. Har yau ban san ko namiji ne ko mace ba, ban kuma san abin da zai faru ba da na buɗe masa kwamfutata.

Yaya bai yarda da zancen sifika ba. Ya ce talabijin ɗinmu lafiyarta ƙalau, ni da Malam ne muka haɗa baki don kada in ji kunya. Da na mayar da duhun kuma ya buga kwana ɗaya ya ce in dawo masa da hasken, shi ma idonsa ba kamar da ba ne. Na yi masa biyu, mai duhu da mai haske, na rubuta a jikin kowanne. Mai hasken ya ci gaba da bugawa, da iyafis ɗin dama kaɗai a kunne, na hagu yana reto a ƙirjinsa. Ya gama shi ana saura kwana shida a kwance masa ƙafa.