Hannun Nekesa Ba Ya Cikin Takarda

Shekara goma sha huɗu Nekesa ta yi tana bin gidajen masu hali a Nairobi tana yi musu girki, ba a ƙarƙashin kowa ba. Gida tara ke kiranta, shida a unguwar Karen, uku a unguwar Lavington. Wuƙaƙenta bakwai ne, naɗe cikin fata, takan rungume su a bayan ɗan acaɓa kamar jinjiri. Tukwane kuwa na masu gida take amfani da su. Wa zai ɗora tukunya a babur?

Da matan gidajen suka fara cewa sai wanda ke da inshora ne zai shigar musu kicin, ta nemi Kilonzo, wakilin wani kamfanin inshora. Ya baje mata takarda biyu, ɗaya ta lafiyar baƙi da kayan gida, ɗaya ta jikinta.

"Dada, ɗauki duka biyun," in ji shi. Haka yake kiranta, Dada, wato 'yar'uwa.

"Kai dai ka iya talla, Kilonzo. Ta farkon ce su Madam ke tambaya. Ta biyun wa zai tambaye ni?"

"Asibiti."

"Ji mugun baki. Shekara goma sha huɗu, ko farce ban taɓa yankewa ba."

Ta sa hannu a ta farko kaɗai.

Bayan wata biyar, a gidan Madam Chebet, ana jiran baƙi goma sha biyu, ta ɗora githeri, dafaffen masara da wake, a tukunyar gidan mai murfin kulle. Ɓawon wake ya toshe kafar tururi. Jin tukunyar ta yi tsit, Nekesa ta kai hannun dama za ta duba, murfin ya yi sama.

Kwana ashirin da uku ta yi a asibiti. Yatsu uku suka ƙage, ba sa lanƙwasuwa.

Kilonzo ya zo dubiya da ayaba, ya kasa zama.

"Sun biya?" ta tambaye shi.

"Sun biya, Dada. Rufin kicin, da murhu, da gilashin taga biyu."

"Hannun fa?"

Ya tsura wa ayabar ido.

"To inshorar gidan Madam?"

"Ta masu aikin da take ba albashi ce. Ke a takarda mai zaman kanki ce."

Yanzu tana ɗakinta a unguwar Kawangware, tana koyon yanka da hagu, agogo a gabanta. A da, albasa ɗaya daƙiƙa talatin ce. Jiya ta kai minti huɗu. Cikin gida tara, biyu ne suka ce za su jira ta, kuma zuwa ƙarshen wata kawai.