Jan Nama a Gidan Inna

A gidanmu na Utai nama ba ya isa gaban mutum sai ya sha wuya sau uku a hannun Inna. Ta wanke shi har sai ya yi fari, ta tafasa shi da albasa da citta har ruwan ya tsotse, sannan ta tsunduma shi cikin man gyaɗa ya soyu ya yi baƙi. Idan ka jefi ƙofar langa-langa da tsoka ɗaya, sai na ciki ya ce waye. Mu dai haka muka taso muka gani, kuma da haƙoranmu, ba mu taɓa kai ƙara ba.

Baba ne haƙoran suka juya wa baya. Mutumin da duk Sallar layya shi ke zama gaban garwashi yana juya haƙarƙari, yana korar duk wanda ya ce zai taya shi, sai ga shi turamensa sun zube ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Cewa ya yi nama ya fita daga ransa. Inna ta yi masa dambun nama, ya ce wannan ai auduga ce. Ta yi farfesu, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Wata rana na kai masa tsire, na laɓe ina kallonsa ta labule. Ya ɗauki yanka ɗaya ya tsotse yajin, ya waiga dama da hagu, sannan ya jefa wa mage. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don na san gashi yake so, gashin ne ya fi ƙarfinsa.

A lokacin ina aikin ofis a jami'ar Wudil. Maƙwabciyata wata malama ce 'yar Yola da ta yi karatu a waje, ita ta fara ɗanɗana min abin da ta kira sitek. Tsoka ce guda, kaurin yatsa biyu. Ba ta wanke ta ba, goge ta kawai ta yi da tsumma mai tsabta, ta barbaɗa gishiri da masoro. Ta ɗora kaskon ƙarfe mai nauyi har ya fara hayaƙi, ta shimfiɗa naman, ta hana ni taɓa shi. Bayan 'yan mintuna ta juya, ta jefa man shanu da tafarnuwa, tana ɗebo man da cokali tana yi masa wanka. Da ta sauke sai ta rufe shi, wai sai ya huta. Na ce mu da muka sha hayaƙi ba mu huta ba, sai shi. Da ta yanka na ga cikin ja-ja, na ja da baya. Don kunya na ci yanka ɗaya, sauran ukun kuwa ba kunya ba ce. Naman ko taunawa ba ya bukata sosai, nan take Baba ya faɗo min a rai.

Ranar Juma'a na je wurin mahaucina na ce ya ciro min tsokar nan mai laushi da ke kwance a jikin ƙashin baya. Kafin in rufe baki ya ɗaga wuƙa zai yanyanka.

“Tsaya, Malam. A haka nake so.”

“A haka, Hajiya? Kamar takalmi?”

Har maƙwabcinsa ya kira ya zo ya ga ikon Allah, sannan ya ƙulle min a leda yana girgiza kai.

Washegari na sauka a Utai da kaskon aro. Na sanar da Baba cewa yau girkin musamman zan yi masa. Na hura garwashi, na bi duk abin da aka koya min, naman ya fito da kyau har ni kaina na sara wa kaina. Na kife shi da faranti don ya huta. Sai aka kira La'asar, na shiga ɗaki.

Ina cikin raka'a ta uku na ji ƙarar wuƙa a kan katako. Allah ya yafe min, ban san yadda na kai ƙarshen sallar nan ba. Ko da na fito, naman nawa ya zama 'yan ƙananan gutsattsari suna iyo a tukunya, Inna tana fifita wuta.

“Allah ya so ki na buɗe,” ta ce da ni ƙasa-ƙasa. “Ɗanye ne shakaf, har jini yake fitarwa. Boko dai ya cinye miki girki. Kada ki damu, ba wanda zai ji.”

A ganinta asiri ta rufa min. Ta tafasa shi, ta soya shi, ta miƙo min in kai da hannuna. Da yake na ce nawa ne, Baba ya daure ya sa guda a baki. Ya daɗe yana juya shi. Ya ce, “Allah ya yi albarka, Uwata,” don haka yake kirana. Sannan ya yi kamar zai yi tari, ya mayar da naman cikin tafin hannunsa. Na koma Wudil ranar kamar in yi kuka.

Satin da ya zagayo na zo da shirina. Akwai 'yar ƙanwar Inna da ta haihu a Darki, Inna tana ta ɗaga zuwa barka. Ina ajiye jaka na ce mata ai an fara ƙananan maganganu, wai ta yar da zumunci. Ba wanda ya ce komai, ni na ce. Inna ta figi mayafi tana faɗa, na raka ta har bakin titi, na ce ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kada ta yi gaggawa.

Wannan karon tsaye na yi a kan farantin har naman ya gama hutawarsa. Na yanka shi siri-siri ta tsallaken zaren tsokar, na binne shi da yajin ƙuli, na lulluɓe da albasa, yadda ko mai binciken kwastan ba zai ga ja ba.

Baba yana kan tabarma a inuwar darbejiya, da tabarau a fuskarsa yana duba littafi. Ya ɗauki yanka ɗaya. Maimakon ya kai baki, sai ya sa babban yatsa ya share yajin. Jan ya bayyana ƙarara. Na sha jinin jikina.

“Uwata, wannan fa?”

“Gashi ne, Baba.”

“Yankan Musulmi ne?”

“Mahaucina ne na kullum.”

“Wannan ruwan ba jini ba ne?”

“Jini tun wurin yanka ya tsiyaye. Romon naman ne, Inna a tukunya take barinsa.”

Ya ci gaba da kallon yankan, ni kuma ina kallon magen da ta riga ta zo ta zauna a gefensa. Idan ya tura farantin nan, na san ba zan ƙara samun wata dabara ba.

Sai ya cire tabaran, ya naɗe, ya miƙo min.

“Riƙe min wannan.”

Ya yi bismilla ya sa a baki. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa sau uku, huɗu, ya haɗiye. Ya ɗauki na biyu. A na biyar ya kori magen da gefen hannu. Ni dai ina durƙushe da tabarau a hannu, hawaye na zuba, ina ɗora wa albasa laifi.

Da ya cinye, ya suɗe yatsunsa, ya jingina da bishiya. Ya ce in wanke farantin da kaskon tun kafin a dawo. Na miƙe zan tafi, ya kira ni, ya rage murya duk da ba kowa a gidan.

“Akwai wata gaisuwar rashin lafiya a Wudil da Innarki ba ta je ba,” ya ce. “Ranar Asabar sai ki tuna mata.”