Tagar da Na Fasa a Gammo

'Yata ta fari kurma ce. Sanƙarau ne ya ɗauke mata ji tana ƙarama, tun muna Dugabau. A gidanmu ba ta taɓa zama abin tausayi ba. Murhu a tsakar gida yake, ƙofofin ɗakuna suna kallon juna, darnin kara kuwa ana hango motsi ta cikinsa. In ina nemanta sai in ɗaga hannu, ko in buga taɓarya a ƙasa, ta ji a tafin ƙafa ta waiwayo. Ban san gidan ne yake yi mata aikin kunne ba sai da ta bar shi.

Wani manomi a Gammo ya aure ta, tana so yana so. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Shekarar da ta samu ciki ya ce zai yi mata ginin bulo, don ya girmama ta. Aka ja doguwar katanga, aka kai madafa bayan ɗaki, murhu yana fuskantar bango. Tagogi kuma can sama kusa da kwano, yadda maginan wajenmu suke yi don kada idon waje ya faɗa kan matan gida.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo, da furfurata. Na yagi takarda a littafina na zana gidan, na kai wa magini tun gini bai wuce gwiwa ba.

Na ce, "Malam, nan za ka bar taga. Ƙasa-ƙasa, daidai idon macen da ke zaune gaban murhu, ta riƙa hango cikin ɗaki."

Ya juya takardar sama da ƙasa. "Inna, boko ya yi daɗi. Har kun kai zane?"

"Mun kai. Kai ne ba ka iso ba."

"Hayaƙi zai cika ɗakin. Kuma wa ya taɓa ganin taga a gindin bango? Sai ka ce akurkin kaji."

"Baƙin hayaƙi ana goge shi. Yarinyar nan da ido take ji."

Masu kwaɓa siminti suka yi dariya. Surukina yana tsaye, kansa a ƙasa. Akwai kunya tsakanina da shi: ba ya amsa mini a gaban mutane, ni ma bai dace in tsare shi da magana ba. Na naɗe takardata na tafi. Duk tsiwar da ake cewa ina da ita, ranar da ake bukatarta na bar ta a gida.

'Yata ta haifi mace. Yarinyar ta fara takawa ke nan, wata hantsi uwar ta kwantar da ita a gado ta zagaya madafa. Yarinyar ta farka, ta faɗo tsakanin gado da bango, ta yi ta kuka har muryarta ta dashe. Maƙwabciya ta ji ta bayan katanga, ta zo bakin ƙofa ta tsaya tana sallama, tana jiran a amsa, don ba a faɗa wa gidan mutane haka nan. Sallama, ga kurma. Da ta gaji ta shiga, ta tarar da 'yata tana tuƙa tuwo hankali kwance, bango ɗaya tsakaninta da 'yarta.

Ƙulu ne kawai a goshi. Amma kafin sati uwar miji ta zo daga Lakwaya ta ce lokacin yaye ya yi. Bai yi ba. Ta goya yarinyar ta tafi.

Da labari ya iske ni, na je Gammo na ari diga. Ban nemi izinin kowa ba. Na fasa bangon daidai inda na zana, 'yata tana kwashe ɓaraguzai, gaban rigarta jiƙe da nono. Washegari na hau mota zuwa Lakwaya.

Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, na buɗe taga. Daga murhu ana ganin gado, ana ganin har ƙarƙashinsa. A ba ta 'yarta."

Ta ce, "Sannu da aiki. Kunnen ma kin buɗe?"

"Na raini kurma a gidana ba ta taɓa ƙonewa ba. Ita ta raini ƙannenta uku. Gininku ne ya kurmance, ba ita ba."

"To, bari yarinya ta yi wayo."

Ta yi wayon. Yanzu tana surutu, tana kiran kakarta Inna. In an kawo ta da Sallah, uwar ta yi mata magana da hannu, sai ta ɓuya bayan zanen kakar. Ba wanda ya koya mata maganar hannu.

Surukina ya sa an daidaita ramin, an shafe gefensa da siminti. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Wancan watan na je na zauna a madafar ina kallon 'yata tana girki. In ta juya muciya sau biyu, sau uku, sai ta ɗaga ido ta leƙa tagar. Gadon a gyare yake, ba kowa a kai.