Zaman Kawu Mati a Gindin Tarumba

Ni na sa wa Kawu Mati manhajar nan a wayarsa da hannuna, saboda haka in akwai laifi, da nawa a ciki.

Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran tarumba, injin da ke jawo ruwa daga kogi zuwa gonaki, tun daga Mai Wurno har gab da Makwar. Gajere ne, ba ya son a yi masa tambaya sau biyu, kuma bai yarda da duk abin da ba zai iya kwancewa da sufana ba. A warshar Alhaji Abdussalami, wato shagonsa na gyaran injuna, yake aiki, inda nake zaune ina amsa kiran manoma.

Bara Alhaji ya dawo daga Sinnar da wannan manhaja. Gaskiya ta sauƙaƙa mini rayuwa. Manomi ya kira, in shigar, aikin ya faɗa wayar makanikin da ya fi kusa. Tarihin kowace tarumba yana ciki har da hoto, ko waya ta faɗa kogi ba abin da zai ɓace.

Kawu ya jujjuya wayar ya ce, "Najwa, ina taka aje abin da nir rubuta?"

Na ce a intanet, can nesa.

"Hannun wa?"

Tun daga ranar, komai girman aiki, kalma biyu yake rubutawa: an gyara.

Bayan wata uku Alhaji ya kira ni ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Mujahid, matashin makanikinmu, aiki bakwai yake rufewa a rana. Kawu uku. Ɗigon da ke nuna inda yake a taswirar manhajar kuwa sai ya kafe wuri guda awa biyu.

"Ko dai yana yin nasa aikin da kayana," in ji Alhaji, "ko barci yake. Ƙarshen wata zan sallame shi."

Ina jin kunyar faɗa, amma ni ma na zarge shi. Mutum mai 'ya'ya shida, mai ɓoye-ɓoye haka, me zai hana? Na kira wani manomi, Salih, wanda aka yi wa gyara a makon, na bi ta bayan gida da tambaya.

Salih ya yi dariya. "Mati? Ai ba ya tafiya sai an ci fatur. Kwaɗayinsa duk bakin kogi an sani."

Fatur shi ne karin kumallon hantsi, kuma a wajenmu ba a barin baƙo ya wuce shi. Mujahid kan ce na gode ya hau babur. Kawu kuwa sai ya tada injin, ya ce a shimfiɗa tabarma nan gindinsa, cikin ƙara da warin gas. A ci wake, a sha shayi, a sake shan wani. Salih ya ce rannan ana tsakiyar hira ya ɗaga hannu a yi shiru, ya tashi ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya kashe injin, ya sake kwance shi.

Sai a nan na gane. Akwai ciwon injin da ba ya fitowa sai ya yi zafi, kuma ba manomin da zai zauna awa guda yana kallon makaniki ba ya komai. Amma kan abinci kowa zai zauna.

Na koma manhajar na nemo tarumbar da aka sake kira a kanta bayan gyara. Cikin goma na Mujahid, huɗu sun dawo kafin mako biyu. Na Kawu ɗaya tak a wata ukun, ita ma saniya ce ta taka bututu. Na kai wa Alhaji, na yi masa bayanin komai, har da tafin hannun. Ya daɗe yana kallo. Bai sallame shi ba.

Mako na zagayowa ya sa aka ƙara doka a manhajar: ba makanikin da zai iya rufe aiki sai injin ya yi awa guda yana juyawa, sannan a taɓa shi, a rubuta zafinsa. Kiran gyara na biyu ya ragu nan da nan.

Na tare Kawu a ƙofar warsha da murnata na ba shi labari. Ko murmushi bai yi ba.

"Wa ya gaya wa manhajar?"

"Ni ce, Kawu. Da an kore ka fa."

"Shekara talatin ana ce min makwaɗaici, na yi shiru. Ke kin ba ta sirrina cikin sati guda." Ya ɗaure akwatin kayansa a babur ya tafi.

Haushi ya kama ni sosai. Na ceci tsoho, ko sannu babu. Na shiga ina gunaguni, na tarar da Alhaji yana duba lambobin Mujahid, waɗanda yanzu suka yi kyau ƙwarai. Bai ɗago kai ba ya ce, "Najwa, wai Mati shekararsa nawa yanzu?"